Zuwa ga Bawana Bazazzagi: Gwaggo Tana Jiran Fassara

Furofesa, gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Ya fate? Ya mutanen Zariya, mazansu da matan da nahawunku ya mayar maza? Watan cika-ciki ya zo ya wuce ban ga kuɗin sharata ba, amma bashi ba ya ruɓa, za mu zo kansa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne hirar da aka yi da kai a rediyo daren Lahadi, wadda ka bugo mini waya har sau uku kana jaddada kada in kuskura ta wuce ni.

Ba ta wuce ni ba. Gayya ma na yi maka. Na ɗauki rediyo na tsallaka gidan Gwaggo, wadda ka sani, wadda ta shekara arba'in tana suyar ƙosai a bakin layinmu, ta aurar da 'ya'ya biyar ta kuma je Makka da kuɗin wake. Na ce mata yau Bazazzagin nan nawa zai yi bayani a kan sabon irin wake. Ta kori jikoki, ta gyara zama a kan tabarma, ta ce a ƙaro murya.

Ka yi sallama da Hausa. Ka gode wa gidan rediyo da Hausa. Daga nan Hausa ta ce ga garinku nan. Na ƙirga "akcuwali" goma sha bakwai kafin na gaji, "bezikali" kuwa ban iya bin sawunta ba. Abin da ya saura na Hausa a bakinka bai wuce "kuma" da "ne" ba, shi ma "ne" ɗin a kan mata ka yi ta jibga shi kamar yadda kuka gada: tsutsa ne, gona ne, shuka ne. Mai gabatar da shirin, bawan Allah, ya yi ta neman ya ceto ka. Ya ce, "To Furofesa, a taƙaice dai, mutum zai iya ci ba fargaba?" Tambayar da "ƙwarai kuwa, ni ma ina ci" za ta wadatar, sai ka kwaso masa sunayen mujallun ƙasashen waje da na hukumomi a gajarce, harafi bayan harafi, kamar ɗan sanda yana karanta lambar mota.

Da aka gama Gwaggo ta yi shiru. Can ta ce, "Wannan yaron a wace ƙasa aka haife shi?" Na ce Zariya. Ta ce, "Allah sarki, shi ya sa." Sannan ta ce in na gan ka in tambayar mata abu uku. Waken nan in an markaɗa an buga yana tashi, ko irin mai shan mai ne? In manomi ya ajiye iri daga abin da ya girba zai fito baɗi, ko kowace damina sai ya koma ya saya? Sannan wa ya kawo shi, kuma shi me zai samu?

Duba tambayoyin nan da kyau ka nuna mini ta jahilci a ciki. Ta farko ta mai sana'a ce, ta biyu ta mai lissafi, ta uku kuwa irin wadda kuke ba mutum digiri ce in ya iya amsawa. Minti ashirin da biyar ka yi kana magana ba ka taɓo ko ɗaya ba.

Abin haushin shi ne aikin da kuka yi aiki ne na gaske, kuma ka san yadda faɗin haka yake yi wa Bakano ɗaci a baki. Tun 1922 ake gwajin iri a Samaru. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wakenmu, Nijar na biye da ita, kuma duk wanda ya taɓa shuka shi ya san tsutsar nan da ke shiga fure ta huda kwanso, wadda in ta sami sake takan cinye har kashi 80 cikin 100 na abin da ake sa rai. Manomi ya yi feshi sau shida, sau takwas, jarka a baya, ba takunkumi ba safar hannu, iska tana maido masa da maganin a fuska. A Disamban 2019 aka saki irin da kuka fitar wanda tsutsar ba ta iya ci, feshi biyu ya ishe shi. Sai kuka raɗa masa suna SAMPEA 20-T. Haba Furofesa! Masu wake suna da Kanannado da Ɗan'ila, masu gyaɗa suna da 'Yar Dakar, masu dawa suna da Kaura da Farafara, sunayen da mutum zai kira a tsakiyar kasuwa a miƙo masa abin da yake nufi. Ku kuwa an daɗe ana jiran haihuwa, ɗa ya zo, ranar suna kuka ba shi lambar akwatin gidan waya.

To bari in tona maka asiri a gaban masu karatu. Ka iya bayanin nan da Hausa, da kunnena na ji. Ka tuna daren da motarka ta mutu a Kwanar Dangora na zo ɗaukarka, muka zauna wajen mai shayi muna jiran makaniki? Mai shayin ya tambaye ka aikinka. Ka ce masa a cikin ƙasa akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, tana yin wani sinadari wanda in tsutsa ta ci yake huda mata hanji ta mutu. Ka ce sinadarin kamar mabuɗi ne, sai ya sami kwaɗonsa yake aiki, kwaɗon kuwa a hanjin irin waɗannan tsutsotsi yake, babu shi a cikin mutum ko akuya, mu cikinmu narkar da shi yake yi kamar sauran abinci. Ka ce wani Bajapane ne ya fara gano ƙwayar a 1901 tana kashe tsutsar siliki, kuma tun kafin yaƙin duniya na biyu manoma a Faransa suke fesa ta a gona. Abin da aka yi sabo shi ne an ɗauko umarnin yin sinadarin daga jikin ƙwayar an dasa a cikin waken, ya zama shi ke yi wa kansa gadi.

Har tambayoyin Gwaggo biyu ka amsa a daren, tun kafin ta yi su. Ka ce furen wake shi ne namiji shi ne mace, kamar dai nahawun Zariya, don haka abin da manomi ya girba in ya shuka shi zai fito masa. Ka ce wani kamfanin Amurka ne ya ba da umarnin ba tare da neman la'ada ba, a Ostireliya aka yi dashen farko, aka kawo Samaru aka haɗa da irin gida, aka shekara kusan goma ana gwadawa a killataccen fili. Mai shayi ya ce to shi kamfanin don Allah ya yi? Ka yi dariya ka ce ko suna yake nema, ko hanya yake sharewa don kayan da zai kawo gobe, tambaya ce da ta halatta, kai ma kana yin ta. Ka kuma faɗi abin da waken bai iya ba: ba ya hana sauran ƙwarin da ke tsotse shuka, ba ya hana waɗanda ke cin sa a rumbu, kuma in aka yi sakaci wata rana tsutsar ma za ta saba da shi. Mutumin nan ya bar ruwa yana tafasa har ya ƙone yana sauraronka. Da muka tashi ya ƙi karɓar kuɗin shayi, wanda na san a duk daren shi ya fi yi maka daɗi.

Na daɗe ina tunanin abin da ya raba Furofesan Kwanar Dangora da Furofesan rediyo, na kuwa gano shi. A gaban mai shayi, da mai shayi kake magana. A gaban makirufo kuwa da mutum biyar kake magana, abokan aikinka da ka san sun kunna rediyo suna jiran ka zame, don gobe a ce Furofesa ya sauƙaƙa ilimi har ya mayar da shi tatsuniya. Gwaggo da sauran dubban masu sauraro 'yan rakiya ne. Ban ɗora maka laifin duka ba. Ƙarin girma a jami'a da takardun da aka buga ake samun sa, da Turanci, a mujallun da ko a cikin Zariya sai an tona kafin a sami mai karanta su, kuma ban taɓa jin an ba wani kujerar furofesa don ya fahimtar da mai ƙosai ba. Na san kuma kuna da cibiyar malaman gona da ke shirya ƙasidu da shirye-shiryen rediyo da Hausa, Allah Ya saka musu. Sai dai ku manyan kun mayar da wannan aikin na yara, kamar yadda mai gida yake barin wa almajiri wanke kwano.

Filin da ka bari kuwa ba ya zama fayau. Washegarin hirar nan da safe jikar Gwaggo ta kunna mata wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mai maganar ya buɗe da salati, ya gaida iyaye mata, ya rantse har sau uku, ya ce waken Turawa ne da aka yi don a hana mu haihuwa, wanda ya ji ya tura wa mutum goma. Ƙarya yake shararawa tun daga farko har ƙarshe, amma da Hausar da ko ɗan yaye zai gane, kuma bai ce akcuwali ko sau ɗaya ba. Ka tuna Agustan 2014, lokacin Ibola, daren da wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba ana cewa kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha? An kwantar da mutane da dama a asibiti, aƙalla biyu suka rasu. Saƙon nan ya zagaye ƙasa kafin masana su gama neman kalmar da za su fara da ita. Kada ka yi musu, uwargidanka ta gaya wa tawa kai ma ka yi wankan, wai don kada a ce ba ka yi ba.

Na san inda za ka ɓullo, ina jin muryarka tun daga nan: Bakano ne zai koya wa wani kimiyya, ku da kuka ƙi ɗigon shan-inna? Na karɓa. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin, aka yi kusan wata goma sha ɗaya ana dambarwa, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Yara sun shanye waɗanda da ba su shanye ba. A 2013 kuma aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a cikin garin nan, yawancinsu mata, Allah Ya ji ƙansu. Wannan ko tsakanina da kai ba abin wasa ba ne.

Amma kafin ka gyara hula, jiharku ta Kaduna ma ta dakatar, ita da Zamfara. Littafin da Ba'amurkiyar nan Elisha Renne ta fitar a 2010 a kan siyasar shan-inna a Arewa, a birnin Zariya ta yi yawancin bincikensa, ba a Fagge ba. Waɗanda suka ja gaban shakkar ma ba masu tallar goro ba ne. Marigayi Dakta Ibrahim Datti Ahmad likita ne, kuma cikin sakamakon gwajin da ya ƙara wa mutane tsoro har da wanda wani malamin harhaɗa magunguna na jami'arku ya kawo. Ta tabbata ɗigon ba ya hana haihuwa, yaran da aka ɗiga wa a lokacin ga su nan yau da nasu goyon. To me ya sa maganar ta sami wurin zama?

Ruwa ba ya tsami banza. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke nan Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an nemi izini kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara bakwai kacal tsakanin 1996 da 2003, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ga kuma tambayar da iyaye mata suka yi ta yi, wadda ita ce dai ta ukun Gwaggo ta canza zane: ɗana yana zazzaɓi na kai shi asibiti an ce in sayo magani, ƙyanda tana ɗibar yara a unguwa ba wanda ya leƙo, amma wannan ɗigon kyauta ake biyo ni da shi har ɗaki, sau da yawa a shekara, me ya sa? Akwai amsa mai kyau. Ana so ne a kawar da cutar daga doron ƙasa gaba ɗaya kamar yadda aka yi wa agana, hakan kuwa ba ya yiwuwa sai an kai ga kowane yaro. Sai dai an daɗe ba a zauna an ba matan amsar ba, an fi sauƙin rubuta "jahilci" a rahoto a wuce.

Dubi yadda aka warware. Daga Indunusiya aka sayo maganin, ƙasar Musulmi, aka dawo da rigakafi a ƙarshen Yulin 2004, daga baya gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata jama'a na kallo. Sarakuna suka shiga, daga Sarkin Musulmi har mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a gidan suna da gidan biki, su ne masu shiga ɗaki. Waɗanda cutar ta shanye wa ƙafa suka riƙa zuwa a kan kekunansu suna cewa ku dube ni. Aka fara zuwa da sabulu da maganin zazzaɓi tare da ɗigon. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar, wadda likitoci ke kira ta daji, ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita. Har yau ana ɗigon, don akwai wani nau'in da ke ɓulla inda aka bar yara da yawa ba rigakafi. A duk wannan tafiya ban ga inda akcuwali ta taimaka ba.

Tun da a kan wake muka faro, bari in ba ka misalin da ya fi kusa da kaskon Gwaggo, ko da zai tona mana asiri mu Kanawa. Ka san yadda wake yake yin ƙwari a ajiya, wata biyu uku ya zama rami da gari. Ka kuma san abin da wasu 'yan kasuwarmu ke yi, su zuba masa fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan guba a jikinsa. Turawa suka ƙi, mu muka ci gaba da yin alala da shi. Maganin abin kuwa buhu ne kawai: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin su shaƙe 'yar iskar da ke ciki, su daina ci, su daina hayayyafa, su bushe. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka faro shi tare da takwarorinsu a Marwa ta arewacin Kamaru wajen ƙarshen shekarun 1980, kuma cikin abin da suka fara dubawa har da yadda mata ke ajiye wake a cikin toka, suka gwada suka ga dabarar tsofaffin tana aiki. Da aka tashi yaɗa buhun daga 2007, sai a je ƙauye a tara mutane a dandali, masu so su kawo wakensu, a ɗaure a gaban kowa, a ajiye. Bayan wasu watanni a sake taruwa ranar buɗe buhu, mai wake ya kwance da kansa, ya zura hannu ya ɗebo ya nuna wa maƙwabta. A dubban ƙauyuka aka yi haka, daga nan har Maraɗi har gaba. Gani ya kori ji. Kuma a Kano ake ƙera buhun, mu da kuke cewa ba mu san komai ba sai ciniki.

Ita Gwaggo ba ta taɓa sayen buhun wake ba sai ta fara sayen kwano ɗaya ta soya ta gani. In wannan ba gwaji ba ne, me kuke yi a ɗakin nan naku mai sanyi?

Abin kunyar ma a garinku aka fara nuna yadda ake yi. A Zariya jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, a Zariya kuma aka fitar da Ikon Allah a 1949, littafin da Abubakar Imam da Dakta Rupert East suka yi a kan halittun duniya, da Hausar da ɗan elementare zai karanta wa kakarsa. Dubi sunan kawai. Mutanen nan sun san zauren da jama'a suke zaune, ta nan suka yi sallama suka shiga. Mai karatu ya buɗe yana jin zai ƙara sanin ikon Ubangijinsa, ya kuwa ƙara, ya rufe da sanin yadda halitta take tafiya, ba wanda ya ce masa ya ajiye ɗaya kafin ya ɗauki ɗaya. Kada ka fara hura hanci. Imam a Kagara aka haife shi, a Katsina ya yi karatu ya koyar, East kuwa Bature ne. Masauki kawai kuka bayar, shi ma ina zargin kun karɓi haya.

Kada kuma ka kawo mini zancen nan naku na cewa Hausa ba ta da kalmomin. Wa ya ce wa maleriya zazzaɓin cizon sauro? Duk wanda ya raɗa wannan suna ya yi aikin da laccarka ta sa'a guda ba ta yi ba: kalma uku, ga cuta ga mai kawo ta, ko yaro ya ji ya san gidan sauro zai nema. Cuta mai karya garkuwar jiki, hawan jini, tauraron ɗan'adam, jirgi mara matuƙi, duk mutane ne suka zauna suka ƙera su, da yawa a gidajen rediyo, inda labari yake zuwa da Turanci saura 'yan mintoci a shiga watsa shiri. Tun 1957 sashen Hausa na BBC yake wannan ƙira. Suna kuma yakan zo da nasa bayanin a goye. Shan-inna cewa yake Inna ce, aljanar nan, ta shanye ƙafar yaro, to mai wannan fahimta in ka zo masa da 'yar kwalba dole ya tambaye ka ina ruwan aljana da ɗigo, kai kuma in ba ka san daga nan ya taso ba sai ka yi ta amsa tambayar da bai yi ba. Mu nan Jami'ar Bayero muna da cibiya sukutum ta nazarin harsuna, ita ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, in kana buƙata in aiko maka. Na sani, za ka ce Bayero a ƙarƙashin jami'arku ta tashi kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Haka ne. Ɗa ya fi ubansa Hausa.

Wani abin ma, shekara ashirin ke nan da ɗoriya kuna zaune da tukunyar nukiliya a Zariya. Tun 2004 take aiki, 'yar ƙarama ce ƙirar Sin, ƙarfinta kimanin kilowat 30, wato kamar zafin dutsen guga talatin in an jona su tare. Ba ta ba da lantarki. Aikinta a sa mata ɗan ƙasa ko dutse ko hatsi ta faɗi ma'adinan da ke ciki, har wanda yawansa bai kai ƙwayar gero a cikin buhu ba. A 2018 aka canza mata makamashi zuwa wanda ba a iya yin makami da shi, aka mayar wa Sin tsohon. Labari mai daɗi irin wannan, amma da na tambayi ɗan acaɓan da ya kai ni gidanka, sai ya rage murya ya ce ai bam ne gwamnati ta ɓoye a wajen, shi ya sa ba a ba su wuta. Kullum ta bakin katangar mutumin nan yake wucewa. Da a Kano take, da tuni mun kafa mata rumfa muna karɓar kuɗin kallo, kuma da kowa ya san aikinta.

Ga hukuncin da na yanke a matsayina na ubangidanka. Asabar mai zuwa ka taso, in motarka za ta yarda ta wuce Kwanar Dangora. Ka zo da kwano biyu na waken nan. Gwaggo za ta jiƙa ta wanke, a kai markaɗe, ta buga ta soya da hannunta a gaban matan layi, kai kana zaune a kan benci kana amsa tambaya. Ta ce in ya tashi za ta faɗa, in ya sha mata mai ma za ta faɗa, ka kuwa san muryarta tana kaiwa Dawanau. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba ka ce ban sani ba, ta ce ta fi sayen kaya a wajen mai faɗin haka. Kowace akcuwali naira ɗari biyar ce, bezikali dubu, jikarta ce mai riƙe da asusu. "Ne" a kan mace mun yafe, wannan ciwon gado ne, ba a cin tara a kansa. Ka haɗo da kuɗin shara, na bara da na bana. Fate kuwa kada ka sa rai, gurasa za a ba ka.